Kek ɗin da ake rabawa ba wuƙa, da yadda yake kokawa da zafin Yamai

Baƙon da ya fara jin sunan Koira Kano, ɗaya daga cikin unguwannin masu hali a birnin Yamai na Jamhuriyar Nijar, zai ɗauka cewa Kanawa ne suka kafa ta. Sai dai sunan na Zabarmanci ne, ma'anarsa gari mai daɗi. A irin waɗannan unguwanni, da wuya a yi bikin suna ko murnar zagayowar ranar haihuwa ba a ajiye gato a tsakiyar taro ba, wato abin da 'yan Najeriya suke kira kek. Wanda muka ɗauko yau shi ne wanda ake haɗawa da ƙananan kek na kofi, a jera su gefe da gefe, a lulluɓe samansu da kirim har su zama tamkar guda ɗaya.

Ƙaramin kek na kofi tsohon abu ne a Amurka, domin tun a 1796 Amelia Simmons ta kawo yadda ake gasa shi a ƙananan kofuna a cikin littafinta na girki. Mu kuwa siffarsa ba baƙuwa ba ce a wurinmu, don duk wanda ya san tandar masa ya san farantin gasa shi. Amfanin jera su kuwa a fili yake: ba a neman wuƙa ko faranti, kowane yaro sai ya ciri nasa a cikin takardarsa, rabo ya zo daidai, babu mai kukan an fifita wani a kansa.

Kwaɓin da ya fi sauƙi shi ne wanda Faransawa suka saba da shi, inda fulawa da sukari da bota da ƙwai suke zuwa da nauyi ɗaya. Ƙwai 4 da giram 220 na kowanne daga sauran ukun, da ƙaramin cokali 2 na hodar tashi, za su ba uwargida kimanin guda 24. Ana fara buga bota da sukari har su yi fari, a riƙa fasa ƙwan ɗaya bayan ɗaya, sannan a zuba fulawar a juya a hankali. Kada a cika kofin ya wuce kashi biyu bisa uku, domin idan kan ya yi tozo shafin ba zai kwanta ba. A gasa a zafin digiri 180 na tsawon minti 18 zuwa 20. Wadda ba ta da oban kuwa, tukunya da yashi a kan gawayi sun daɗe suna fitar da mata kunya.

Bayan sun huce sarai, sai a jera su a kan katako ko kwali mai ƙarfi bisa siffar da ake so, ko lambar shekarun yaro, ko zuciya, ko fure. A ɗiga ɗan kirim a ƙasan kowanne don ya manne, a matsa su sosai, a fara cike ramukan da ke tsakaninsu, daga nan a shafe saman baki ɗaya da bayan cokali ko faffaɗar wuƙa. Shi kirim ɗin, awo ɗaya ne na bota da awo biyu na garin sukari mai laushi, da ɗan digon madara.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Bota tana fara narkewa tun zafi bai kai digiri 35 ba, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai yakan haura 40. Kek babba guda ɗaya yana iya ɓoye aibinsa, amma wannan da zarar kirim ya saki sai ya zurara cikin ramukan, siffar ta wargaje. Firiji kuma sai da wuta. Mazauna birnin ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya, wadda a wancan lokaci take ba Nijar kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkinta, ta katse layin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a kuma maido shi ba sai a Maris na 2024. Ga macen da wannan ce sana'arta, narkewar kek ɗaya na nufin asarar jari da ta abokiyar ciniki a rana guda.

Saboda haka muke ba da shawarar a maye rabin botar da daskararren man girki wanda ya fi jure zafi, a yi shafin da sassafe ko da dare, a kai kek ɗin wurin biki dab da lokacin rabo, a kuma ajiye shi a inuwa. Duk kirim ɗin da aka yi da ɗanyen ƙwai ko kirim ɗin madara, a guje shi in babu tabbacin sanyi, domin abin da yara za su ci ne, kuma irin wannan ba a so ya wuce awa ɗaya a waje cikin zafin bazara. Idan kuma uwargida ta jera alkaki da dubulan a gefen teburin, ko an ɗauke wuta baƙi ba za su tashi haka nan ba.