Wannan Bidiyon Na Likita Ne, Ba Na Sitatus Ba

Ɗauka ƙaninka ne, a gidanku a Farin Dutse. Ya tashi lafiya ƙalau, sai da ya kai shekara huɗu ya fara faɗuwa ba gaira ba dalili. Ƙafa ta sanƙare, yana tafiya a kan 'yan yatsu, wuya ya karkace, magana ta yi nauyi. Gwaggo ta ce iska ce, maƙwabta suka ce sammu. Wani ya zaro waya, kafin magariba bidiyon yaron ya zagaya WhatsApp.

Akwai cututtukan gado da ke zuwa da wannan kama, likitoci na kiransu NBIA. Sinadarin ƙarfe ne ke taruwa a sashen ƙwaƙwalwar da ke sarrafa motsi. Wadda aka fi sani ita ce PKAN, wadda likitoci biyu suka fara bayyanawa a Jamus a 1922, aka gano ƙwayar gadon da ke jawo ta a 2001. Tana kama mutum 1 zuwa 3 cikin miliyan. Ba ƙarfen abinci ne ke kawo ta ba, kada a hana yaro hanta ko zogale.

Gadonta irin na sikila ne. Uwa da uba lafiyarsu ƙalau, amma in duk suna ɗauke da ƙwayar, kowane ciki na da haɗarin 1 cikin 4. Auren zumunci na ƙara yiwuwar haɗuwar, kuma gwajin jinin sikila kafin aure ba ya nuna ta. In an taɓa samun yara biyu masu irin wannan a danginku, faɗa wa likita.

A hoton MRI, PKAN na nuna wata alama da ake kira “idon damisa”. Har yanzu ba ta da maganin warkewa, amma akwai magungunan sassauta jiki da gashi a asibiti. Sannan wasu cututtukan masu kama da ita suna jin magani sosai in an gano su da wuri.

Don haka a fara da asibitin FMC na Birnin Kudu, a nemi takardar zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Addu'a ba ta hana neman magani. Bidiyon nan kuwa kada ka goge shi, likita zai so ganin yadda jikin ke murɗewa. Shi za ka nuna wa, ba 'yan guruf ba.