Gadon MDF Ba Ya Hana Haihuwa, Ruwa Ne Dai Ba Ya So

Tun da aka fara kai amfanin gona gida, bukukuwa suka kankama, wani saƙon murya yake ta yawo a WhatsApp tsakanin mutanen Tafoki, Yankara da Sheme, har ya kai Ƙanƙara da Sabuwa. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai faɗi garinsu ba. Ya dai ce shi ma'aikacin lafiya ne, ya yi salati, ya yi rantsuwa, sannan ya dira a kan kayan ɗakin nan masu sauƙin kuɗi, waɗanda ake kawowa a wargaje kafinta ya zo ya harhaɗa da noti da sukuru: gado, wadirof, madubi da durowa na katakon da ake kira MDF. Ya rufe da cewa duk wanda ya ji bai tura wa wasu ba, alhakin al'umma na wuyansa.

Alhakin kam yana wuyan wani, amma ba wanda ya ƙi turawa ba. Bari mu bi maganganun nasa ɗaya bayan ɗaya.

Uku daga ciki ba su cancanci dogon bayani ba. Wai da tsofaffin akwatunan gawa na Turawa ake yin katakon: ƙarya ne, itace ake niƙewa ya zama gari, a cuɗa da gam, a danne da inji mai zafi ya fito falle-falle. Wai da kitsen alade ake yin gam ɗin: a'a, da yuriya ake haɗa shi, irin wadda muke zuba wa masara, tare da wani sinadari da za mu zo kansa. Wai katakon da kansa yake haifar da kuɗin cizo: kuɗin cizo daga ƙwan kuɗin cizo yake fitowa, kuma ko gadon maɗaci ya samu tsaga zai shige.

Inda ya faɗi gaskiya

Ya ce kayan ba sa ƙarko kamar na dā. Nan kam yana da gaskiya, sai dai bai faɗi dalili ba, alhali dalilin shi ne abin da zai amfani mai saye.

Babban maƙiyin MDF shi ne ruwa. Ka je shagon kowane kafinta a Funtuwa ka ce ya nuna maka wadirof ɗin da aka dawo da ita gyara bayan damina. Sama lafiya ƙalau, fenti na sheƙi. Ka duƙa ka duba ƙasa: gindin ya kumbura kamar burodin da ya sha shayi, ledar da aka manna a baki ta ɓare, ka sa farce ka ɓantari garin katako. Ba ya kuma komawa yadda yake ko an shanya shi. A ɗakunanmu da daɓe ke tsotsar danshi a watan Agusta, ga rufin da ke yoyo, ga wanke ɗaki da bokiti, wannan ba ƙaramar matsala ba ce.

Na biyu, ba ya son yawan kwancewa da ɗaurawa. Duk lokacin da aka zare sukuru aka mayar, ramin ƙara faɗi yake yi, har ya daina kamawa. A wannan yanki da rashin tsaro ya sa iyalai da yawa suka kwashe kaya daga ƙauye zuwa gari, wasu fiye da sau ɗaya, gadaje da dama a hanya suka mutu, ba a ɗaki ba. Na uku, kanta mai tsawo idan aka jibga mata kwalla da tangaran, a hankali take lanƙwasawa.

Amma cewa wai shekara ɗaya kacal yake yi, wannan ƙari ne. Kamfanin IKEA na Suwidin, wanda aka kafa a 1943, tun 1956 yake sayar da kayan ɗaki a wargaje cikin kwali, kuma kantar littattafansa mai suna Billy tana kasuwa tun 1979. Da a ce shekara guda take yi, da tuni an daina saye. Katakon iri-iri ne. Akwai na ɓarzajjen itace, wanda ya fi kowanne rauni. Akwai MDF, akwai HDF da ya fi shi tauri, akwai kuma filawud wanda ya fi su jure danshi da riƙe sukuru. Fallen mai kaurin milimita 18 ba ɗaya yake da mai 12 ba, ko da fentinsu iri ɗaya ne. Kuma da yawa daga abin da ake kira "na Turkiyya" ko "na Dubai", fallayen ne kawai suka tsallako teku. A Kano ko Kaduna aka yanka aka haɗa. Saboda haka hannun kafinta na da nasa rabo a ƙarko ko rashinsa. Araha ba ta ado, an sani. Amma rashin ƙarko asarar kuɗi ce, ba cuta ba.

Maganar da ke ɓarna

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne cewar da ya yi wai an zuba wa katakon guba da gangan, duk amaryar da ta kwana a kansa ba za ta haihu ba.

Akwai ƙwayar gaskiya a ciki, kuma ita ce ta sa ƙaryar ta samu gindin zama. Gam ɗin da ake manne garin katakon da shi yana ɗauke da sinadarin fomaldihaid, kuma sabon katako yana fitar da shi cikin iska. Shi ne warin nan mai yaji da ke sa ido ruwa idan ka buɗe sabuwar wadirof a ɗakin da aka kulle. Zafi da danshi suna ƙara fitowarsa. A 2004 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin abubuwan da ke haddasa kansa, musamman ta can cikin hanci da maƙogwaro. Hujjar kuwa daga ma'aikatan masana'antu da masu gyaran gawa ta fito, mutanen da suke shaƙarsa da yawa, kullum, shekara da shekaru. Shi ya sa ƙasashen Turai suka sa ma'aunin da ake kira E1, Amurka ma ta yi doka a 2010, don ƙayyade yawan abin da katako zai fitar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 0.1 a kowace kubik mita ta iskar ɗaki. Katako mai arha ƙwarai, wanda ba shi da tambarin kowane ma'auni, yana iya wuce wannan sa'ad da yake sabo. Mai asma da jariri su ne za su fara jin jiki.

To, ina maganar haihuwa? Akwai 'yan bincike da aka yi a kan mata masu aiki a masana'antun katako da ɗakunan gwaje-gwaje, waɗanda suka nuna alamun jinkirin ɗaukar ciki ko ɓari ga masu shaƙar sinadarin da yawa a wurin aiki. Masana ba su gama yanke hukunci a kai ba. Iyakarta ke nan. Babu binciken da ya nuna cewa kwana a kan gadon MDF yana hana mace haihuwa, ko ya kashe wa namiji ƙwayar haihuwa. Ɗakin amarya ba masana'anta ba ne. Warin yana raguwa sosai cikin makonni da watannin farko. Abin da aka shaƙa kuwa, yawancinsa a hanci da maƙogwaro yake tsayawa, jiki ya narkar da shi cikin mintoci. Jikin ɗan Adam da kansa ma yana samar da ɗan kaɗan daga wannan sinadari. Ga kuma hujjar da kowa zai iya gani: gidajen Masar, Turkiyya, Indiya da Indunusiya cike suke da irin wannan katako, na Kano ma haka, kuma ba a daina suna ba.

Wani abin da mai saƙon bai sani ba, ko ya ɓoye: wannan sinadari yana cikin hayaƙin taba, yana cikin hayaƙin itacen girki, yana cikin hayaƙin maganin sauro na kunnawa. Wani bincike da aka wallafa a 2003 ya gano cewa nadi ɗaya na maganin sauron yana iya fitar da fomaldihaid daidai da karan sigari 51. Wanda ya fitar da gado waje saboda tsoro, ya rufe taga ya kunna maganin sauro har asuba, ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago.

Su wa ke biyan kuɗin ƙaryar

Ban ga laifin waɗanda suka yarda ba. Wata goggota ta kira ni, muryarta na rawa. "Ɗan nan, kai da ka yi boko, don Allah gaya mini gaskiya. Mun riga mun ba kafinta rabin kuɗi, yanzu uwar yaron ta aiko wai ba za a shigar mata da katakon kwali gida ba." Na ce, "Goggo, ki kwantar da hankalinki, ba abin da zai samu yarinya." Uwa ce da ta yi shekaru tana adashe, tana kiwon awaki, don ta fitar da 'yarta kunya. Uwar angon ma jika take so, ba mugunta ba ce. Duk wanda aka taɓa masa maganar zuriya, dole hankalinsa ya tashi.

Amma dubi inda abin yake kaiwa. A al'adarmu kayan ɗaki a kan iyayen amarya yake. Idan aka ce sai na zallar maɗaci ko ƙawo, kuɗin ya haura nesa, domin itatuwan sun yi ƙaranci, dazukan ma ba kowa ke iya shiga ba. Uba zai sayar da masarar da ya kamata ta kai iyali damina, ko ya fitar da ɗaya daga cikin shanun huɗa, ko a ɗaga biki. Wanda kuwa ya biya kuɗin "zallar katako", sau da yawa firam ɗin ne kawai na itace, allunan MDF ne aka shafe da fenti.

Ɓarna ta biyu ta fi wannan muni. Na ga ɗakin wata matar aure da ta shekara biyu ba ciki. An kwance gadon an jingine a zaure, katifa a ƙasa, wadirof an kai ɗakin ajiya, tufafinta a cikin buhu. Kowa a gidan ya samu natsuwa wai an gano matsalar. Ba wanda ya ce a je asibiti, ballantana a ce maigidan ya je a duba shi. Alhali rashin haihuwa ba baƙon abu ba ne: rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kusan mutum 1 cikin 6 na fuskantarsa a wani lokaci na rayuwa. Dalilansa sanannu ne: ciwon sanyi da ba a yi maganinsa da kyau ba har ya toshe hanyar ƙwai, rikicewar al'ada, ƙari a mahaifa, ƙarancin ƙwayar maniyyi. Kusan rabin lokuta akwai hannun matsalar namiji a ciki. Da yawa daga waɗannan suna da magani idan an je da wuri. Duk watan da aka ɓata ana zargin gado, wata ne da aka rasa.

Mun taɓa ganin inda irin wannan magana ta kai mu. A 2003 aka yaɗa cewa allurar shan inna tana hana haihuwa, jihar Kano ta dakatar da rigakafin har zuwa tsakiyar 2004, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai a 2020 aka tabbatar Najeriya ta kuɓuta. Yaran da suka shanye a tsakani suna nan cikinmu. Duk mai son maganarsa ta yi gudu a Arewa ya san inda zai taɓa, shi ya sa ba na yi wa mai wannan saƙo uzuri.

Haɗarin da bai ambata ba

Ya ba da shawara a farfasa kayan a hura wuta da su. Kada a kuskura. Ƙona MDF shi ne zai saki gam, fenti da ledar da ke jikinsa cikin hayaƙi, kai tsaye zuwa huhun mai girki da yaron da ke bayanta.

Haɗari na gaske da ya tsallake shi ne faɗuwa. Doguwar durowa ko wadirof mara nauyin gindi tana iya rikitowa idan yaro ya ja ƙofa ko ya taka aljihunta. A 2016 IKEA ta janye durowa miliyan 29 daga kasuwar Amurka bayan irinsu sun danne yara ƙanana sun mutu. Maganinsa ɗan ƙarfe ne da kafinta zai kafe bayanta a bango.

Ga mai shirin saye

Ka je da kanka, ko Funtuwa ne, ko Na'ibawa 'Yan Katako a Kano, ko Fanteka a Kaduna. Ka tambayi irin katakon da kaurinsa, ka leƙa bayan wadirof inda ba fenti, can gaskiya take. Ka nemi a yi ƙafafu da firam ɗin gado da itace na gaske, alluna su zama HDF ko filawud, a rufe kowane baki da leda, domin buɗaɗɗen baki ne ke shan ruwa kuma shi ke fitar da wari. A yi jere da wuri, a bar taga da ƙofofin wadirof a buɗe ɗaki ya sha iska kwanaki kafin a kai amarya. Idan warin na sa hawaye bayan makonni, a mayar wa mai shago. A ɗora kayan a kan ɗan katako ko tayil su bar ƙasa, a janye su kaɗan daga bango, a goge da tsumma mai ɗan laima maimakon kwara ruwa.

Ma'auratan da suka shekara suna tare ba ciki kuwa, su bar gado inda yake. Su je babban asibiti a Funtuwa ko Malumfashi, in an tura su gaba su wuce Katsina ko Shika, kuma su je su biyu, a duba mata a duba miji.