Neman Tambarin Bayit a Ƙwaƙwalwar Manhaja Mai Aiki

Duk manhajar da aka buɗe a kwamfuta, ta rubutu ce ko ta wasa, ba ta fara aiki sai tsarin da ke tafiyar da na'urar, kamar Windows ko Linux, ya kwaso ta daga faifai ya zuba a ma'adanar wucin-gadi da aka fi sani da RAM, ya kuma ware mata fili nata na kanta. Wannan fili jerin gurabe ne, kowane gurbi da lambar adireshinsa, kuma abin da ke cikinsa bayit guda ne, wato lamba tsakanin 0 da 255, wadda masana suka saba rubutawa da alamomi biyu na lissafin tushe goma sha shida, daga 00 har zuwa FF. Hoto da kalmar sirri da umarnin da injin ke bi duk lambobi ne a jere a wannan fili, babu take, babu sunan da ya bambanta wani da wani.

Da a ce kowane abu yana zama a adireshi ɗaya kullum, da bincike bai zama dole ba. To amma tun da aikin PaX ya fito da dabarar warwatsa adireshi ga Linux a 2001, Microsoft kuma ya saka ta a Windows Vista a 2007, sassan manhaja suna iya sauka a wani wuri dabam daga wannan kunnawa zuwa waccan, domin a rikita masu kutse. Saboda haka mai bincike yakan bar adireshi ya nemi abin da ba ya sauyawa, wato wani jerin bayit da ya keɓanta da abin da yake nema, kamar yadda ake gane mutum da tsagar fuskarsa ko da ya sauya unguwa da tufafi. Wannan jeri shi ne tambari. Fayilolin manhajar Windows, alal misali, suna farawa da 4D 5A, wato haruffan MZ na sunan Mark Zbikowski, injiniyan Microsoft, na Linux kuwa da 7F 45 4C 46.

Gwanintar aikin tana wajen zaɓen tambarin ne, ba wajen rubuta umarnin binciken ba, domin tambarin da ya yi gajarta zai dace da ɗaruruwan wurare, wanda kuma ya yi tsawo zai daina aiki da zarar an sabunta manhajar. A injinan Intel da AMD, bayit E8 umarni ne na kiran wani sashen manhaja, bayit huɗun da ke biye da shi kuma nisan wurin da ake kira ne, nisan da yakan sauya duk lokacin da masu manhajar suka ƙara ko suka rage wani abu. Mai hankali yakan rubuta E8 ?? ?? ?? ?? sannan ya ci gaba da bayit ɗin da ya amince da su, alamar tambayar tana nufin duk abin da aka tarar a gurbin an yarda da shi. Akwai kuma abin da yake yawan sa sabon shiga tuntuɓe: waɗannan injina suna ajiye lamba ne daga ƙaramin bayit zuwa babba, don haka 100 a gurabe huɗu tana fitowa a matsayin 64 00 00 00, wanda kuwa ya neme ta a juye zai dawo hannu rabbana alhali tana gabansa.

Batun iyakar bincike shi ne na biyu a muhimmanci. Filin adireshin manhaja ɗaya a Windows na zamani ya kai terabayit 128, amma galibinsa fanko ne, abin da ake amfani da shi yankuna ne a warwatse, an yanka su shafi-shafi, kowane shafi yawanci bayit 4096, kuma kowane yanki da izininsa na karantawa ko rubutawa ko zartarwa. Rubutun umarni mai kyau yana fara tambayar taswirar yankunan, a Windows ta hanyar VirtualQueryEx, a Linux ta fayil ɗin /proc/PID/maps, inda PID take nufin lambar da tsarin ya bai wa manhajar, sannan ya tsallake abin da ba ya karantuwa, ya kwaso sauran da ReadProcessMemory ko daga /proc/PID/mem. Idan umarnin inji ake nema, yankunan zartarwa kaɗai sun wadatar, kuma wannan taƙaitawa tana rage lokaci tare da rage dacewar ƙarya.

Da yake ba a kwasar babban yanki gaba ɗaya sai gunduwa-gunduwa, tambarin yana iya faɗawa daidai kan gaɓa, rabinsa a ƙarshen gunduwa ɗaya, rabinsa a farkon ta gaba, rubutun kuma ya ba da rahoton bai ga komai ba ba tare da wani saƙon kuskure ba. Wannan aibi ya fi faɗuwar manhaja muni, domin mai binciken zai tafi da yaƙinin abin da ba gaskiya ba. Maganinsa shi ne kowace gunduwa ta maimaita wutsiyar wadda ta gabace ta da tsawon tambarin ban da bayit ɗaya, wato bayit 7 ga tambari mai 8.

Wajen sauri kuwa an daɗe da share hanya. Robert Boyer da J Strother Moore sun wallafa dabarar tsallake gurabe a 1977, Alfred Aho da Margaret Corasick kuma sun rigaye su a 1975 da hanyar neman tambura da yawa a zagaye guda, wadda a kanta YARA, kayan aikin da Victor Alvarez ya ƙirƙira domin gano muggan manhajoji, take dogara.

Masu gyaran manhaja suna yin wannan bincike da umarnin find na GDB, masu sauya wasanni da Cheat Engine da harshen Lua, masu binciken laifuka kuma da Volatility, wanda yake tono a hoton ƙwaƙwalwar da aka ɗauka daga na'ura. Ɓarayi ma sun san hanyar. A ƙarshen 2013 an dasa muguwar manhaja a injinan karɓar kuɗi na kantunan Target a Amurka, tana laluben ƙwaƙwalwarsu tana neman jerin da ya yi kama da bayanan katin banki a ɗan lokacin da suke zaune a fili kafin a lulluɓe su da lambar sirri, har bayanan kati kusan miliyan 40 suka salwanta. Irin wannan haɗari ne ya sa tsare-tsaren yau ba sa barin kowace manhaja ta leƙa filin wata yadda ta ga dama, har Ubuntu ma, wani nau'in Linux, a yadda take zuwa, ba ta yarda manhaja ta karanta ƙwaƙwalwar wadda ba ita ta kunna ta ba sai da izinin mai kula da na'urar.