Sarrafa Haske a Ɗakin Ɗaukar Hoto da Zaɓen Kayan Aiki Masu Sauƙin Kuɗi

Gabatarwa

A kowace shekara ɗalibai masu yawa kan kammala sakandare su nemi sana'ar da za su riƙe kansu da ita, kuma ɗaukar hoto na daga cikin sana'o'in da suka fi jan hankalinsu. Dalili kuwa shi ne ba a rabuwa da buƙatar hoto: ga bikin aure da na suna, ga sallah, ga kuma hoton fasfo da ake nema wajen rajistar jarrabawa ko neman aiki. Sai dai da yawa daga masu shiga sana'ar kan zuba duk ɗan jarin da iyaye suka harhaɗa musu a kan kyamara mai tsada, su bar batun fitila sai daga baya. Sakamakon haka sai hotuna su riƙa fitowa da fuska a dushe da baƙar inuwa a jikin bango, masu ciniki su janye, jari ya karye. Wannan maƙala za ta bayyana halaye huɗu na haske waɗanda kyawun hoto ya rataya a kansu, sannan ta nuna yadda saninsu ke rage wa ɗalibi da malami kashe kuɗi.

Ido da Kyamara

Kalmar da Turawa ke kiran wannan sana'a da ita daga harshen Girka aka samo ta, ma'anarta kuwa zane da haske. Tun kafin a ƙera kyamara, masanin nan Hasan ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040, ya tabbatar a littafinsa Kitab al-Manazir cewa gani yana samuwa ne idan haske ya taso daga jikin abu ya shiga ido. Kyamara ma a kan wannan tsari take aiki. Ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido kan tsuke zuwa kimanin milimita 2 a cikin rana, ta buɗe zuwa kimanin milimita 8 a cikin duhu, kamar yadda ake tsuke ƙofar gilashin kyamara ko a buɗe ta. Tantanin da ke can bayan ido shi ke karɓar hasken, kamar yadda fim ko na'urar cikin kyamarar zamani ke yi.

Bambancin da ke tsakaninsu shi ne ido yana da ƙwaƙwalwa a bayansa mai yi masa gyara. Mutum na iya ganin abin da ke cikin inuwa da wanda ke cikin rana a lokaci guda, alhali kyamara ba ta iya haɗa su da irin wannan ƙwarewa. Saboda haka aikin mai hoto shi ne ya shirya hasken tun kafin ya danna.

Girman Mafarin Haske

Hali na farko shi ne girman abin da hasken ke fitowa daga gare shi, gwargwadon yadda wanda ake ɗauka yake hangen sa. Faɗin rana ya kai kimanin kilomita miliyan 1.4, amma da yake nisanta ya kai kimanin kilomita miliyan 150, sai ta zama ɗan ƙaramin faifai a sama. Shi ya sa inuwar tsakar rana take da kaifi, idanu su faɗa cikin duhu, kowane ƙurji na fuska ya fito fili. Idan gajimare ko hazon hunturu ya rufe rana kuwa, sai sararin sama gaba ɗaya ya zama fitila, haske ya zo ta kowace fuska, inuwa ta yi laushi.

Wannan shi ne sirrin farar laima da akwatin yadi da ake gani a situdiyo. Ba sa ƙara ƙarfin fitila, hasali ma rage shi suke yi; aikinsu shi ne su mayar da ƙaramin ƙwai ya zama faffaɗan mafari. Farin yadi mai shara-shara da aka ɗaure a jikin katako a gaban fitila zai yi aikin, haka ma haska farin bango domin hasken ya dawo kan mutum. Duk lokacin da aka matso da irin wannan mafari kusa, inuwa na ƙara laushi.

Nisa

Hali na biyu lissafi ne da ɗaliban kimiyyar fiziks suka sani. Idan aka ninka nisan da ke tsakanin ƙaramar fitila da abu sau biyu, hasken da ke isa gare shi kan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Idan aka ninka sau uku, ya koma ɗaya cikin tara. Dalili kuwa shi ne hasken yana bazuwa ne a tsaye da kwance a lokaci guda.

Alal misali, a ce an jera ɗalibai sahu biyu, na gaba yana mita 1 daga fitila, na baya yana mita 2. Sahun baya zai sami rubu'in hasken da na gaba ya samu. Amma idan aka janye fitilar har sahun gaba ya zama mita 4, na baya mita 5, to na baya zai sami kashi 64 cikin 100 na hasken na gaba, wato kusan biyu bisa uku. Ke nan a hoton jama'a janye fitila ake yi. A hoton mutum ɗaya kuma, idan aka matso da fitila aka nisanta shi da bango, sai bangon ya yi duhu da kansa, inuwarsa kuma ta faɗi ƙasa inda ba ta fitowa a hoto.

Kusurwa

Hali na uku shi ne wajen da hasken ya fito. Fitilar walƙiya da ke jikin kyamara, wadda masu hoto ke kira filashi, tana haska fuska ne kai-tsaye, sai ta shafe inuwar da ke nuna tudun hanci da kumatu. Ita ce kuma ke jawo jan ido a hoto, domin hasken kan shiga ta ƙofar ido ya bugi bayansa mai yawan jijiyoyin jini, ya dawo cikin gilashin kyamara.

Tsarin da aka fi koya wa mafari shi ne a ajiye babbar fitila a gefe, kimanin digiri 45 daga kyamara, a ɗaga ta sama da kan mutum kaɗan. Idan an daidaita ta sosai akan ga wani ɗan haske mai kusurwa uku a ƙarƙashin idon da ke ɓangaren inuwa. Masu sana'a na kiran wannan tsari da sunan Rembrandt, mai zanen ƙasar Holan da ya rayu daga 1606 zuwa 1669, saboda yawan bayyanarsa a zane-zanensa. A ɗaya ɓangaren kuma sai a riƙe farin kwali ya dawo da haske domin inuwar ta sassauta. Kwalin nan ya ɗauke wa mutum sayen fitila ta biyu.

Akwai wani abu da ya shafi masu baƙar fata musamman. Sinadarin melanin da ke cikin fata yana shanye kaso mai yawa na hasken da ya sauka a kanta, don haka siffar fuska ta fi fitowa ta hanyar sheƙin da ke saman fatar. Ƙaramar fitila kan bar ɗigon ƙyalli a goshi da hanci, faffaɗa kuwa kan shimfiɗa sheƙi mai taushi da ke bin siffar fuska. Haka kuma idan mutum ya sa farar babbar riga, kyamara kan ruɗe da farinta ta rage haske, fuska ta yi duhu. Maganin wannan shi ne a auna hasken a kan fuska, sannan a tare wani ɓangare na hasken da ke sauka kan rigar da baƙin kwali.

Launi

Hali na huɗu shi ne launin hasken, wanda ake aunawa da ma'aunin Kelbin. Harshen kyandir yana wajen 1,900, ƙwan lantarki mai zare na gida wajen 2,700, hasken rana da tsaka kuwa wajen 5,500. Ƙaramar lamba na nufin haske mai ja-ja, babba kuma mai shuɗi-shuɗi. Ƙwaƙwalwa kan gyara wannan bambanci, shi ya sa farar takarda take fara a idon mutum dare da rana. Kyamara ma ana iya saita ta, amma a kan launi ɗaya kawai. Idan aka haɗa hasken taga da na ƙwai mai ja, ɓangaren fuska ɗaya zai yi ja ɗaya ya yi shuɗi, kuma gyaran wannan a kwamfuta aiki ne mai wuya. Saboda haka fitilun ɗaki ɗaya su kasance masu lamba ɗaya.

Zaɓen Kayan Aiki

Fitilun situdiyo iri biyu ne: masu ci ba yankewa da masu walƙiya. Ƙwai mai zare yana mayar da kimanin kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zuwa zafi, ga gumi ga haɗarin gobara idan yadi ya kusance shi. Ƙwan LED, wanda ya samu bayan aikin da ya ba Akasaki da Amano da Nakamura lambar yabo ta Nobel a 2014, ba ya cin wuta sosai, kuma akwai masu aiki da batir ko sola. Shi ya fi dacewa da mai koyo, domin yana ganin inuwa da idonsa kafin ya ɗauka. Sai dai masu iya magana sun ce arha ba ta ado: ƙwai maras inganci kan gurɓata launin fata. A duba jikin kwalinsa, inda akan rubuta haruffan CRI da wata lamba da iyakarta 100. A nemi 90 ko fiye.

Wutar lantarki a Nijeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, don haka wasu fitilu kan yi ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa, abin da ido ba ya gani amma yake barin zane-zane a hoto. Saita marufin kyamara a kan ɗaya bisa hamsin ko ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa kan magance shi.

Fitilar walƙiya kuwa ta fi ƙarfi, tana kuma tsayar da motsi, ga ta ƙarama mai aiki da batir. Kamfanonin ƙasar Sin irin su Godox da Yongnuo na yin masu sauƙin kuɗi. A kula, cikinta akwai ma'ajin caji da ke riƙe da wuta mai ƙarfin bolt ɗaruruwa ko bayan an cire batir, don haka buɗe ta aikin mai gyara ne.

Jerin sayayya mai ma'ana shi ne fitila ɗaya mai inganci, da sandar tsayar da ita, da farar laima, da kwali fari da baƙi, da yadi mara sheƙi domin bango. Ba a ƙara fitila ta biyu sai an ƙware da ta farko.

Gwaji Domin Makaranta

Malamin kimiyya na iya koyar da duk wannan da tocila da ƙwan kaza da wayar hannu. A rufe tagogin aji, a haska ƙwan ta gaba, ta gefe, ta sama, ta baya, ana ɗaukar hoto kowane karo. Sannan a sa farar takarda a gaban tocilar, a kuma canza nisa, ɗalibai su kwatanta. Darasin zai yi amfani a ajin nazarin halittu ma: ganye da aka haska ta baya yana nuna jijiyoyinsa, ƙwaro ko ƙashi da aka haska ta gefe kuma yana bayyana gurzaɓinsa.

Kammalawa

Seydou Keïta na ƙasar Mali ya buɗe wurin ɗaukar hoto a Bamako a 1948, kuma galibin hotunansa da hasken rana ya ɗauke su a tsakar gida, da yadi mai zane a matsayin bango. A 2016, shekaru goma sha biyar bayan rasuwarsa, an baje su a babban zauren nune-nune na Grand Palais da ke birnin Faris. Abin da ya riƙe shi ne sanin lokacin da haske yake da taushi da wajen da ya kamata mutum ya fuskanta. Duk ɗalibin da ke shirin shiga wannan sana'a, kafin ya taɓa jarinsa, ya dace ya yi makonni yana gwaji da taga da farin kwali, yana rubuta girma da nisa da kusurwa da launin hasken kowane hoto a littafi. Wannan littafin ne zai nuna masa abin da yake buƙatar saye idan ya je kasuwa.