Haƙora ma gona ne, sai da gyara

Yau ba zancen iri ko taki za mu yi ba, zancen baki ne. Manomin da haƙori ya kama cikin damina ba shi iya barci, ba shi iya cin tuwo, balle shi duƙa noma. Kwana 3 kwance lokacin noman hwari sun isa haki shi rinjayi hatsi.

Yaro shina da haƙoran nono 20, babba shina da 32. Na nono in sun zube wasu na tsirowa. Na babba in ya tahi, ya tahi ke nan.

Mi ke cin haƙori?

Mutane na cewa tsutsa ce. Ba tsutsa ba ce. Ka sa harcenka ka kankari haƙori da sahe, za ka ga wani hwarin datti mai yauƙi. Cikinsa akwai ƙwayoyin cuta da ido ba shi gani. Abincinsu sukari ne da sauran abinci da ya maƙale. In sun ci, sai su hid da tsami, tsamin nan shi ke zaizaye ɓawon haƙori sannu sannu, kamar yadda gara ke cin ƙahwar rumbu. Da hwarko ɗan baƙin ɗigo ne, babu ciwo. Daga nan rami, ruwan sanyi shi riƙa tsira maka. In ramin ya kai ga jijiya, sai zogi da kumburi da mugunya.

Dattin nan kuma in ya daɗe a gindin haƙori, sai shi daskare kamar dutse. Dasashi shi yi ja, shi kumbura, shi riƙa zub da jini, baki shi yi wari. In anka bari, ƙashin da ke riƙe da haƙori shi zaizaye, haƙori mai lahiya shi yi girgiɗi har shi hwaɗi. Da yawa cikin giɓin da muke gani a bakin dattawa, wannan ciwo ne ya kawo shi, ba tsuhwa ba.

Yadda za ka gyara bakinka

1. Ka goge haƙora sau 2 kowace rana, da sahe da kuma dare kahin ka kwanta. Na dare ya hi muhimmanci, domin miyau da ke wanke baki shina raguwa cikin barci.

2. Aswaki na da kyau, ga shi sunna. Ka yanko ɗanyen reshen dogon yaro ko ka sai icen aswaki a kasuwa. Ka tauna bakinsa har shi yi laushi. Ka goga daga dasashi zuwa bakin haƙori, waje da ciki, har matauna na can baya. Tauna aswaki a gehen baki ana hira ba gyara ba ne. In bakinsa ya tsuhwa, ka yanke ka sake taunawa.

3. In kana da hali, ka sai buroshi mai laushi da man haƙora mai fuliyor. Fuliyor shina ƙara ma ɓawon haƙori ƙarhi. Ka goga minti 2, ka tohar, kada ka kuskure baki nan take. Kowa da buroshinsa, ba a aro.

4. Ka bar goga da rairayi ko toka ko gawayi. Suna hwaranta haƙori yau, su kankare ɓawonsa gobe.

5. Haƙori ba guduma ba ne. Kada ka buɗe kwalba da shi, kada ka hwasa ƙwallon aduwa.

Sukari da taba

Ƙungiyar Lahiya ta Duniya, OMS, ta ce kada babba shi wuce wajen giram 50 na sukari a rana, kamar ƙaramin cokali 12, in an yi rabin haka ya hi. Ka lissahwa na shayi, na hwarko da na biyu da na uku, da na koko, da na hura. Kuma ba yawan kaɗai ke ɓarna ba, har da maimaitawa. Yaron da ke wuni da alewa a baki, haƙoransa cikin tsami suke wuni. In za a sha zaƙi, a sha tare da abinci, a kuskure baki da ruwa. Taba kuwa, ta ci ko ta sha, tana lalata dasashi, tana kuma kawo sankarar baki.

Bakin yara

Uwa, tun da haƙorin hwarko ya hito, wajen wata 6, ki riƙa share shi da tsumma mai tsabta. Wajen shekara 6 wani babban matauni na tsirowa can baya. Wannan ba na nono ba ne, ba shi da madadi, a kula da shi.

Akwai wata mugunyar cuta da likitoci ke kira noma, amma ba noman gona ba. Ta hi kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6, musamman masu tamowa ko waɗanda sunka tashi daga baƙon dauro ko masassara. Tana somawa da jinin dasashi da ɗan gyambo da warin baki, sai kunci shi kumbura. Cikin ƴan kwanaki tana iya huda kunci. In ba a yi magani ba, wajen 9 cikin 10 suna mutuwa. In an kai yaro da wuri, likita na tsai da ita da magani da wankin baki da abinci mai gina jiki. Ba maita ba ce, ba aikin iska ba ne, kuma ba a ɗaukarta daga wani. A Damagaram, ƙungiyar Sentinelles tana kula da masu wannan cuta tun 1992. A watan Disamba na 2023, OMS ta sa noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zahi da anka yi sakaci da su. Saboda haka ki riƙa buɗa bakin ɗanki kina dubawa. Kin ga jini da wari, kada ki jira ranar kasuwa, ki tahi likita ran nan.

In ciwo ya riga ya zo

Ka kuskure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ka nuhi likita. Kada ka ɗora ƙwayar asfirin bisa dasashi, ƙone shi take yi. Kada ka ɗiga ruwan batir ko kananzir cikin rami. Kada ka ba mai cire haƙori na kasuwa bakinka, ƙarhensa daga baki zuwa baki shike, ba a dahwa shi ba. In huska ta kumbura da zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya ta yi wuya, a tahi ko da dare ne.

Kai da ka koyi karatu, ka karanta ma mutanen gidanku da na hwada wannan takarda. Wanda ya ji shi gaya ma wanda bai ji ba. Allah shi ba mu lahiya da damina mai albarka.