Kunya a Ma'aunin Ilimin Halayyar Ɗan Adam

Duk wanda ya tashi a cikin ganuwar Bauchi, ko a Jahun ne, ko a Nassarawa, ko a lungunan da ke kusa da Ƙofar Wunti, ya san cewa bisa tsohuwar al'ada akwai mace guda a cikin gida wadda ba ta ambaton sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a idon jama'a, ba ta kuma nuna ɗokinsa ko da kuwa zuciyarta na kansa dare da rana, wato mahaifiyar da ta ɗauki cikinsa wata tara. Idan yaron ya faɗi ya yi kuka, kaka ce za ta zabura ta ɗauke shi, ko gwaggo, ko abokiyar zaman uwar, ita kuwa sai ta kawar da kai ta ci gaba da tankaɗenta kamar ba ta ji ba. Baƙon da bai san ƙasar nan ba yana iya ɗaukar wannan a matsayin ƙeƙashewar zuciya, alhali kuwa mu mun san cewa kunya ce, kuma tana daga cikin siffofi goma na mutumin kirki waɗanda Baturen nan Anthony Kirk-Greene ya tattara daga bakin Hausawa ya wallafa a 1974, tare da gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da ladabi da mutunci da hikima da adalci.

Akwai fannin ilimi wanda aikinsa shi ne binciken irin waɗannan al'amura, ana kiransa ilimin halayyar ɗan Adam. Masu tarihinsa sukan fara lissafi daga shekarar 1879, lokacin da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje a wata jami'a ta ƙasar Jamus domin a riƙa auna ayyukan tunani kamar yadda ake auna sauran abubuwan halitta. Amma tun ƙarnoni kafin wannan, malaman Musulunci irin su Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, da Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, sun yi rubutu mai zurfi a kan nafsi da cututtukanta da hanyoyin gyara ta. Manyan mas'alolin fannin su ne yadda jariri ke girma har ya zama cikakken mutum, da yadda jama'a ke juya ɗabi'ar mutum guda, da abin da ke zaburar da himma, da kuma yadda fushi da tsoro da baƙin ciki ke tasowa su kwanta. Kunya ta ratsa dukkan waɗannan mas'aloli huɗu, shi ya sa ta dace a ɗora ta a ma'auni.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wani likita ɗan Ingila mai suna John Bowlby, wanda ya yi nazarin yaran da aka raba da iyayensu, ya kafa hujja cewa jariri yana bukatar shaƙuwa da wani babba tabbatacce kamar yadda yake bukatar nono, kuma idan ya rasa wannan, illar tana iya binsa har girma. Abokiyar aikinsa Mary Ainsworth ta je ƙasar Yuganda a 1954 ta zauna da iyaye mata a ƙauyuka, ta lura cewa jaririn da ya amince da mai renonsa shi ne ke da ƙarfin zuciyar rarrafawa ya binciki ɗaki, domin ya san inda zai koma idan ya tsorata. To, idan aka ɗauki wannan bisa zahirinsa, sai a zaci ɗan farin Bahaushe yana cikin hasara. Amma wani bincike da Robert Marvin da Robert LeVine da abokan aikinsu suka wallafa a 1977, a kan jarirai 18 na gidajen Hausawa, ya nuna cewa kowane jariri yana da masu reno kimanin huɗu, yana kuma shaƙuwa da fiye da mutum ɗaya, sa'annan wadda ya fi neman mafaka a wurinta ita ce wadda ta fi ɗaukarsa da yi masa wasa, ko da ba ita ta haife shi ba. Ma'anar wannan ita ce, al'adar da ta ɗaure hannun uwa ita ce kuma ta saki hannuwan kaka da gwaggo da yaya, har abin da yaro ya rasa ta ƙofa ɗaya ya shigo masa ta ƙofofi uku.

Shi kansa yaron ba a haifarsa da kunya. Yana zuwa duniya da kuka da firgita, murmushi ya biyo baya a cikin watanni biyu na farko, amma jin nauyin idon mutane ba ya bayyana sai ya gane kansa a matsayin wani mutum daban, abin da masana suka gwada ta hanyar shafa wa yaro ja a hanci a ajiye shi gaban madubi, inda suka tarar cewa galibi sai tsakanin wata 18 da wata 24 yake kai hannu ga hancinsa maimakon ga madubin. Wannan kuwa shi ne lokacin yaye, wanda Alƙur'ani mai girma ya ƙayyade cikarsa da shekara biyu, lokacin da a al'adarmu akan kai yaro gidan kaka har ya manta da nono. Haka kuma Jean Piaget, masani ɗan ƙasar Suwizalan, ya gano cewa yaro ɗan shekara huɗu, idan aka juye ruwa daga faffaɗan kofi zuwa dogon siriri a gabansa, zai dage cewa ruwan ya ƙaru, kuma sai wajen shekara bakwai yake fahimtar cewa canjin mazubi ba ya canja yawa. Shekarun nan kuwa su ne malaman fiƙihu suka daɗe suna kira shekarun tamyizi, lokacin da aka umarci iyaye su fara horon yaro da salla. Wanda ya tsawata wa ɗan shekara uku don bai rusuna wa baƙo ba, yana neman amfanin da lokacin nunarsa bai yi ba.

Masanan zamani sun kuma rarrabe tsakanin nadama a kan aiki da ƙyamar kai baki ɗaya. Yaron da aka ce wa abin da ya yi bai kyautu ba, aka nuna masa yadda zai gyara, yakan koyi neman gafara. Wanda kuwa kullum ake kiransa shashasha ko marar amfani a gaban tsararrakinsa, yakan koyi ɓoye laifi da ɗora shi a kan wani. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya riga su faɗin haka a cikin Muƙaddima, inda ya bayyana cewa tsananta wa ɗalibi yana kashe masa kuzari, ya kuma koya masa ƙarya da yaudara saboda tsoron hannun da ke kansa.

Idan yaro ya girma ya fita zaure, sai idon gari ya karɓi aikin da idon gida ya fara. A 1951 Solomon Asch ya yi wani gwaji a Amurka, inda yakan zaunar da ɗalibi a cikin ƙungiyar mutanen da aka riga aka haɗa baki da su, a nuna musu layuka a takarda a tambayi wanne ya yi daidai da wanne a tsawo, su kuwa su ba da amsar da kowane mai ido ya san kuskure ce. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na amsoshin ɗaliban sun bi kuskuren jama'a, kuma kusan uku cikin kowane mutum huɗu sun bi aƙalla sau ɗaya. Wannan ƙarfi shi ne ke hana ɗan kasuwa a Wunti ko Muda Lawal cin amanar wanda ya ba shi kaya bashi ba tare da takarda ba, domin zubewar mutunci ta fi masa asarar kuɗi ciwo. Kuma shi ne ke sa magidanci ya ci bashin da zai shekara yana biya don kada a raina lefen ɗansa. Sai dai Asch ya gano wani abu kuma, wato idan aka sami mutum ɗaya tak a cikin ƙungiyar ya faɗi gaskiya, bin kuskuren yakan ragu ƙwarai. Tarihin Bauchi yana da shaidar haka, domin a farkon shekarun 1940, zamanin da ba a saba jin talaka ya tambayi hukuma dalili ba, Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, wanda yake koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi tare da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, sun ƙarfafi juna a majalisar muhawara da aka kafa a garin, suka riƙa tattauna mulkin En'e da na Turawa a fili, kowannensu yana samun ƙarfin magana daga kasancewar ɗan'uwansa a wurin.

Ta fuskar himma kuwa, an taɓa yi mana hukunci mai nauyi. A 1966 LeVine ɗin nan ya wallafa littafi a kan mafarkan ɗaliban sakandare na Hausawa da Yarabawa da Inyamurai, inda ya ƙirga sau nawa burin yin fice ya bayyana a cikinsu, ya ce ya fi yawa a wurin Inyamurai, ya fi ƙaranci a wurin Hausawa, waɗanda suka fi ba da muhimmanci ga biyayya. Dalilin da ya kawo shi ne cewa a tsarin sarauta hanyar ɗaukaka ita ce barance da yardar ubangida. Akwai ƙamshin gaskiya a cikin bayanin, amma ma'aunin yana da naƙasu, domin yaron da aka hore shi da cewa yabon kai jahilci ne ba zai zauna ya rubuta wa baƙo cewa yana mafarkin ya fi kowa ba, ko da burin na cinsa. Fataken da suka riƙa taka ƙasa har Gwanja neman goro ba marasa himma ba ne, haka ma Yakubu, ɗan ƙabilar Gerawa, wanda ya bar gida yana yaro ya tafi karatu wurin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya dawo da tuta ya kafa birnin Bauchi a 1809. Abin da ya fi amfani ga iyaye a wannan babi shi ne bambancin himmar da ke fitowa daga son aiki da wadda ake saye da lada. A 1973 Mark Lepper da abokansa sun yi wa wasu yara masu son zane alkawarin kyauta idan sun yi zane, daga baya suka tarar cewa sha'awar yaran ta ragu idan babu kyautar, alhali waɗanda ba a yi wa alkawari ba sun ci gaba kamar da. Malamanmu da suka yi ta jan kunne a kan ikhlasi da riya sun san wannan ƙofa ta ɓarna tun da daɗewa.

Saura babin da kunya ta fi tsada a cikinsa, wato motsin zuciya. Paul Ekman ya nuna cewa alamun fushi da tsoro da murna da baƙin ciki a fuska kusan iri ɗaya ne a al'ummomi masu nisa da juna, amma kowace al'umma tana da ƙa'idojinta na inda ake bayyana su da inda ake danne su. A ƙasar Bauchi, inda Fulani suke da yawa, ba a bukatar dogon misali, tunda saurayin da ke tsaye a filin sharo yana jin zafin bulala kamar kowa, horo ne ya hana fuskarsa faɗi. Wannan kamun kai ado ne, kuma da shi ake zaman lafiya a gidan da ya tara mata da surukai da 'ya'ya masu yawa. Sai dai gwaje-gwajen James Gross a shekarun 1990 sun nuna cewa danne alamar fuska ba ya kashe abin da ke cikin rai, jiki ma ƙara ɗaukar zafi yake yi a lokacin dannewar. Al-Balkhi ya riga ya rarrabe baƙin cikin da ke da sanannen sababi, kamar rashin masoyi, wanda nasiha da haƙuri ke warkarwa, da wanda ke sauka a kan mutum ba dalili ya hana shi walwala, wanda ya ce yana da alaƙa da jiki kuma yana bukatar magani. Mai jego da ta daina barci da cin abinci, ko magidancin da ya janye daga majalisa ya yi shiru, idan an tambaye su suka ce ba komai, sau da yawa kunya ce ke magana a madadinsu. Ciwon damuwa cuta ce da likitoci ke yi wa magani, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da makamantansa, kuma tun watan Janairu na 2023 Nijeriya ta sami sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin majiyyaci. Addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna, dukkansu riƙo da sababi ne.

Abin da ya wajaba a yi wa tadabburi a yau shi ne cewa gidan da ya haifi waɗannan al'adu yana canjawa. Ango da amarya da yawa yanzu suna tarewa a gidan haya a Yelwa ko Fadaman Mada, su biyu kaɗai a bayan ƙofar ƙarfe, kaka tana cikin gari ko tana ƙauye, gwaggo tana wurin aikinta. Idan matashiyar uwa ta ɗauko kawaicin da ta gada ta shigo da shi irin wannan gida, alhali babu hannuwan da a da suke cike gurbinta, to jaririn ba shi da wanda zai dube shi ido cikin ido ya yi masa wasa, kuma al'adar da ta kasance maslaha a babban gida sai ta zama cutarwa a ƙarami. Hukuncin kowace ɗabi'a yana tafiya ne tare da dalilinta, kamar yadda masu usulu suke faɗa game da hukunce-hukunce. Saboda haka nauyi ya hau kan malamai da ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Jami'ar Sa'adu Zungur, da Kwalejin Ilimi ta Kangere, waɗanda suke haddace sunayen Piaget da Bowlby don jarrabawa, su shiga gidajen garin nan da izinin masu su, su lura, su ƙirga, su rubuta yadda ake renon yara a yau, domin iyaye su sami hujjar da za su rarrabe kunyar da ta cancanci a riƙe da wadda lokaci ya yi da za a sassauta.