Hoton Taurari Daga Tsakar Gida: Yadda Za Ka Yi Da Hazo, Gajimare Da Raɓa

A ce ka shirya tsaf. Ka cika batirin kyamara, ka kafa ta a kan ƙarfenta mai ƙafa uku a tsakar gida, yara sun yi barci, an ma ɗauke wuta unguwa ta yi duhu. Ka ɗaga kai, sai ka ga sama ta yi fururu kamar an watsa mata toka. Babu gajimare ko ɗaya, amma taurarin da kake iya ƙirgawa ba su wuce goma ba. Manhajar hasashen yanayi kuwa cewa ta yi daren nan garau yake. To wa ya yi ƙarya?

Babu wanda ya yi. Manhajar gajimare ta duba, kai kuma ƙura ce ta tare ka. Duk wanda ya fara ɗaukar hoton taurari, kayan aiki yake fara tunani, amma ba ya daɗewa yake gane cewa yanayi ne mai gidan.

Kada ka raina tsakar gida. A shekarar 1883, wani Bature mai suna Andrew Ainslie Common ya ɗauki hoton gajimaren gas na Oriyon daga bayan gidansa a unguwar Ealing da ke Landan. Ba ma'aikacin wata cibiyar bincike ba ne, injiniyan harkar tsaftar muhalli ne, taurari sha'awa ce kawai. Ya bar farantin hoto yana shan haske har kusan awa guda, sai ga taurarin da ido ba ya gani ta cikin na'urar hangen nesan sun fito. Shekara uku kafin nan, a 1880, Henry Draper na Amurka ya riga shi ɗaukar wannan gajimaren, amma na Common ne ya nuna wa masana cewa kyamara tana iya ganin abin da ya fi ƙarfin ido. A Ingila fa ya yi wannan, ƙasar da gajimare ba ya mata wuya.

Me ya sa yanayi ya zama babbar magana?

Hoton da kake ɗauka da rana, ƙiftawar ido ya ishe shi. Hasken gajimaren Oriyon kuwa tafiyar shekara kusan 1,350 ya yi kafin ya iso tsakar gidanka, na tarin taurarin Andiromeda kuma shekara miliyan biyu da rabi. Abin da ke isowa ɗan kaɗan ne ƙwarai, sai an bar idon kyamara a buɗe yana tarawa, kamar mai tarar ruwan sama a lokacin yayyafi.

Sai dai duniya ba ta tsaya maka. Tana juyawa digiri 15 a kowace awa, don haka in ka daɗe da buɗe kyamara, taurari za su koma zare-zare maimakon ɗigo. Masu wannan harka suna da wani lissafi na kintace: raba 500 da tsawon gilashin kyamararka a milimita. Gilashin milimita 50 zai ba ka daƙiƙa 10, na milimita 200 kuwa daƙiƙa biyu da rabi kacal. Kyamarorin yanzu ma sun fi son ka rage.

Mafita ita ce ka ɗauki gajerun hotuna masu yawa, ka ɗora su kan juna da kwamfuta. Manhajoji irin su Siril da DeepSkyStacker da Sequator suna yin wannan, kuma kyauta ne. Kowane hoto guda yana ɗauke da tsaki-tsaki, irin na tsohon talabijin da eriyarsa ta karkace. Hasken tauraro wuri ɗaya yake faɗawa a kowane hoto, shi kuwa tsaki-tsakin barkatai yake zuwa, shi ya sa in an haɗa su yake cinye kansa. Amma ribar ba ta tafiya kai da kai da yawan hotuna. Hoto 4 ya ninka kyau sau biyu, hoto 16 sau huɗu, sai ka kai 100 kafin ka sami ninki goma. Riƙe wannan, domin a nan dabarar zama da yanayi take: ba dole ne hotunan su fito daga dare ɗaya ba. Minti arba'in yau kafin gajimare ya rufe, awa guda jibi, duk sai ka zuba su a tukunya ɗaya.

Iska biyu ce, ba ɗaya ba

Abu biyu ake dubawa a sama, kuma mutane suna yawan cakuɗa su. Na farko tsabtar iska, wato ko akwai ƙura ko hayaƙi ko danshi ko siririn gajimare da ke shanye haske. Na biyu natsuwar iska. Ka taɓa hangen kwalta da tsakar rana ka ga komai yana rawa? Haka iska mai zafi da mai sanyi suke cakuɗuwa a sama suna karkata hasken tauraro, shi ne ƙyaftawar da kake gani. Kyawunta a ido ne, a kyamara ɓarna ce.

Abin mamaki, sau da yawa biyun ba sa haɗuwa. Daren da iska ta share sama tas, taurari suna walwali, yakan zo da rawa. Daren da ɗan hazo ya kwanta shiru babu motsi kuwa, yakan zo da natsuwa. Saboda haka tambayar da za ka yi wa kanka ba "yau akwai aiki?" ba ce, "yau aikin me ya dace?" ce. Abubuwa masu dishi-dishi kamar Andiromeda tsabta suke so. Wata da Mushtari, wato Jupita, da Zuhal mai zobe suna da hasken da zai keta hazo, natsuwa kawai suke nema.

Hunturu

Ga mai zama a Kano ko Katsina ko Damagaram, wannan ne lokaci mai ban haushi. Wata da watanni babu gajimare, dare da sanyi, Oriyon a tsaye bisa kai, amma ƙura ta tsaya a tsakani. Mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki ne da iska ke ratsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashe shi. Yana cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya.

Ɓarna biyu ƙurar take yi. Tana rage hasken da ke saukowa daga sama, kuma tana maido da hasken gari da ke tashi daga ƙasa. Fitilun sola na titi da na ƙofar gidaje duk sai su haske ta, sama ta yi fari. Shi ya sa hazon da ba zai dame ka sosai a ƙauye ba yake kashe maka dare a birni.

Abin da zai cece ka shi ne kallon tsakiyar sama. In tauraro yana bisa kanka, haskensa yana ratsa iska mafi ƙaranci. In ya sauko zuwa digiri 30 daga ƙasa, iskar da zai ratsa ta ninka biyu, ƙurar ma haka. A nan mun yi sa'a: daga Kano gajimaren Oriyon yana hawa har sama da digiri 70, Kaza da 'ya'yanta ma sun ɗara haka. A tsakiyar Disamba wajen sha biyun dare yake kaiwa ƙololuwa, a tsakiyar Janairu wajen ƙarfe goma. Ka yi aikinka awa biyu kafin lokacin zuwa awa biyu bayansa, sauran daren ka je ka kwanta. Manhajar Stellarium za ta nuna maka lokacin kowane dare.

Ƙurar kuma ba kullum take daidai ba, zuwa take yi rukuni-rukuni, ta yi kwanaki ta lafa. Manhajar Windy tana da taswirar ƙura, kana iya ganin ta taso daga Chadi tun kafin ta iso. Ko ba intanet ma, dubi yamma: in rana ta koma kamar farin faifai ta ɓace tun ba ta kai ƙasa ba, daren na wata ne da Mushtari. Su bidiyo ake ɗaukarsu, manhaja irin AutoStakkert ta tsince hotunan da iska ta natsu a cikinsu ta watsar da sauran. Kada bidiyon Mushtari ya wuce minti biyu zuwa uku, domin cikin ƙasa da awa 10 yake juyawa sau ɗaya, in ka daɗe zanen jikinsa zai shafe.

Akwai wata matsala da littattafan Turai ba sa kawowa. Na'urar da ke juya kyamara ta bi taurari, da tauraron arewa ake saita ta. Tsayin wannan tauraron daidai yake da nisanka daga tsakiyar duniya: a Landan ya haura digiri 51, a Kano digiri 12 ne kawai. Wato yana can ƙasa bayan katangar maƙwabci, inda haskensa ke ratsa iska kusan ninki biyar, cikin ƙura mafi kauri. A ganina, kafin ka kashe kuɗi a kan irin wannan na'urar, fara tsayawa a tsakar gidanka ka ga ko kana hango shi. In ba ka ganinsa, akwai manhajojin da ke saitawa da wasu taurarin, akwai kuma ƙananan na'urori irin Seestar da ke nemo hanyarsu da kansu suna tara hotunan daƙiƙa goma-goma.

Sannan don Allah kada ka goge gilashi da bakin riga. Ƙurar nan tana da ƙwayoyi masu kaifi, gogewa ɗaya ta isa ta bar zane. Hure ta da 'yar robar hura iska tukuna, kuma kada ka canza gilashi a waje.

Bazara ba ta da dogon bayani. Zafi yana ƙara tsaki-tsakin da idon kyamara ke haifarwa da kansa, yana ninkawa kusan duk ƙarin digiri shida zuwa bakwai. Daren Afrilu na iya ba ka ninki huɗu na daren Janairu. Maganinsa, in ka gama sai ka rufe gilashi da murfinsa ka ɗauki baƙaƙen hotuna ashirin da saitin da ka yi aiki da shi, nan take kafin kyamarar ta huce, manhaja za ta cire su daga na ainihi. Ka kuma guji hange ta saman rufin kwano ko dakalin siminti da ya sha rana, zafin da suke fitarwa rawa yake sa hoto.

Damina da kaka

Mutane da yawa sukan naɗe kaya da zarar ruwa ya sauka. Kuskure ne. Ruwan sama wanke iska yake yi, kuma daren da ya biyo bayan ruwa mai ƙarfi, in gajimare ya yaye, babu irinsa a duk shekara. A daidai watannin nan ne, Yuni zuwa Agusta, tsakiyar farin kogin taurarin nan da ranarmu take cikinsa ke tsayawa a kudu da dare. Daga Kano yana hawa kusan digiri 49, mutumin Landan kuwa da ƙyar yake samun 10. Wannan ko wayar hannu mai saitin dare za ta kama shi, in ka jingine ta da kyau ka sa ta ɗauka da kanta ba ka taɓa ba.

Sai dai dama ce ta ɗan lokaci, wanda kayansa suke a haɗe shi ke cin ta. Kuma idonka ya riƙa komawa gabas, domin daga can hadarinmu yake tasowa, da sauri kuma. Ka ga walƙiya ko ka ji iska mai sanyi ta kaɗo, kwashe kaya. Tsayuwa a saman bene kusa da ƙarfe mai ƙafa uku ana tsawa, babu hoton da ya kai wannan kasada.

Sai raɓa, ɓarauniyar da ba a jin shigowarta. Gilashin da ke kallon sama yana sakin zafinsa zuwa sararin samaniya, har ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi. Da ya sauka ƙasa da ma'aunin da danshi ke komawa ruwa, sai ya yi gumi, kamar kofin ruwan sanyi. Kai kana zaune kana murna, da safe ka tarar rabin hotunan taurari sun kumbura sun yi dishi-dishi. Duba ma'aunin raɓa a manhajar yanayi: in tazararsa da zafin iska ba ta wuce digiri biyu ko uku ba, shirya. Naɗa kwali ko baƙar takarda mai kauri a bakin gilashi ya zarce gaba kamar bututu. In da hali, sayi ɗan ɗamarar ɗumama gilashi da ake jona wa fawa bank. In ka shiga ɗaki kada ka rufe kaya a jaka da danshinsu, fumfuna tana tsirowa a cikin gilashi, kuma fitar da ita aiki ne.

In ka tambaye ni lokacin da ya fi, zan ce maka kaka: daga ɗaukewar ruwa a Oktoba zuwa kafin hazo ya kankama. 'Yan makonni ne, kuma farin wata zai cinye rabinsu. A nan lissafin watan Musulunci ya fi kowace manhaja sauƙi. Daga 27 ga wata zuwa 3 ga sabo duhu ne kusan duk dare. A makon farko wata yana faɗuwa kafin tsakar dare, sai ka yi aikin bayansa. Daren 13 zuwa 15 kuwa haƙura za ka yi da masu dishi-dishi. Bayan 20 ga wata ba ya fitowa da wuri, farkon dare naka ne.

A farkon Nuwamba, Andiromeda tana kaiwa ƙololuwa wajen ƙarfe goma na dare, ta ɓangaren arewa. Kaza da 'ya'yanta suna biyo ta wajen ƙarfe ɗaya, Oriyon kuma wajen uku na dare. In a saman soro ko ƙofar gida za ka tsaya a irin wannan lokacin, gaya wa maƙwabta da 'yan sintirin unguwa tun da rana abin da kake yi, ka kuma roƙi mai fitilar da ke haska katangarka ya kashe maka ita na awa biyu.